Littafin Da Ya Gunduri Uba, Don Me Za A Ɗora Wa Ɗansa?

Ina da ma'auni guda da nake auna littafin yara da shi, kuma ina roƙon malamai ƴan'uwana da iyayen yara su ara su gwada. Ka ɗauki littafin ka miƙa wa babban mutum, magidanci ko uwar ƴaƴa, wanda ba jarrabawa ke gabansa ba, ba kuma biyansa za a yi ba. In ya gama shafin farko ya zarce na biyu da kansa, har aka kira shi cin tuwo ya ce a ɗan dakata, to littafin ya ci sunansa, a kai wa yara. In kuwa ya juya shi gaba da baya, ya yaba zane da kyan takarda, ya miƙo maka abinka, ka sani yaron ma haka zai yi da yana da iko. Babba yana da bakin cewa ya ƙoshi, yaro kuwa tsoron mushe ke hana shi.

Na shekara fiye da ashirin ina riƙe da alli a ƙauyuka da garuruwan gundumomin Illela, Malbaza da Birnin Ƙonni, kuma akasarin littattafan da na tarar cikin azuzuwa ba za su tsallake wannan ma'auni ba. Iri biyu ne. Akwai na koyon baƙi da nahawu da lissafi. Waɗannan kayan aiki ne kamar kwashe da hauya, dole a mallake su, amma ba wanda ke kwana da su ƙarƙashin matashi. Sai kuma littattafan ƴan furoje, masu sheƙi da launi, waɗanda ake saukewa daga mota a ɗauki hoto. A ciki za ka sami yaro da yarinya marasa laifi, marasa wayo, marasa yunwa, waɗanda aikinsu kawai su wanke hannu da sabulu, su shiga gidan sauro, su gode wa likita. Saƙon yana da kyau, ni ma ina so ƴaƴana su wanke hannu. Amma wanda ya rubuta shi bai taɓa nufin a ji daɗinsa ba, magani ne ya shafa wa zuma a baki-baki, harshen yaro kuwa ya fi namu saurin gane ɗaci.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A gwajin PASEC na shekarar 2014, wanda aka yi wa ƴan makarantun ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, fiye da tara cikin goma na yaranmu masu gama firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. A na 2019 an sami ci gaba, duk da haka kusan bakwai cikin goma na ƙasa da matakin. In aka tambayi dalili, amsoshinmu a shirye suke: cunkoso, azuzuwan zana da ba a kafawa sai an gama girbi, yajin aiki, malaman kwantaragi da ba a biya kan kari, talaucin iyaye. Duk gaskiya ne, na zauna cikinsu. Amma akwai dalili guda da ba ma ambata a tarukan bita, wataƙila don ba ya jawo kuɗin zama. Yaron nan ba shi da abin da yake ɗokin karantawa. Tun da ya shiga lakwal bai taɓa ganin babban mutum ya buɗe littafi ya fashe da dariya ba. Ya ga babba na dariya gaban waya, ya ga babba na dariya gaban fim, littafi kuwa bai san shi da komai ba sai dikte da jan biro. Wa zai wahalar da kansa ya koyi buɗe ƙofar da bai taɓa jin ƙanshin abinci daga bayanta ba?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne littafin da muke nema yana nan, cikin harshenmu, ya kusa shekara casa'in yana cin wannan jarrabawa. Ina nufin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam. An haifi Imam a Kagara a 1911, ya yi makarantar horar da malamai ta Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, wato malamin makaranta ne irinmu. A 1933 ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Littattafan da suka biyo bayan gasar sun haɗa da Ruwan Bagaja na Imam, wanda ya rubuta yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya ya zauna wata shida yana rubuta littafin karatu na ƴan makaranta. Abin da ya fito ke nan cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, da labarai sama da tamanin. Daga baya shi ne ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981.

A lura da kyau: don yara aka rubuta shi, littafin aji ne. Amma je ka tambayi masu sayar da littattafai a Sakkwato ko Kano ko Maraɗi su wa ke sayensa. Je ka dubi masu sauraron karatunsa a rediyo da YouTube da WhatsApp. Direbobi ne, teloli ne, ƴan kasuwa ne, matan aure ne, tsofaffin ma'aikata ne. Na san mai gadi a nan Ƙonni da bai taɓa zama aji ba, amma in ka ambaci Waziri Aku zai ba ka labari uku a tsaye. Ba sufeton da ya tilasta masa, ba maki yake nema ba.

Mene ne sirrin? Ba sihiri ba ne, aiki ne da kowane malami zai iya ganewa. Na farko, Imam ya rataya labaransa a kan wani babban labari mai haɗari a ciki. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri maci amana ya haɗa kai da abokan gaba, ɗan sarki Musa na neman fita ya bi mahaifinsa, in kuwa ya fita halaka ce ke jiransa. Aku ba shi da takobi, ba shi da dakaru, baki kawai gare shi, sai ya riƙa tsare yaron da labari dare bayan dare har gari ya waye. Don haka kowane labari da ka karanta, rai ne ake ceto da shi, kai kuma kana so ka san ko gobe dabarar za ta sake ci. Na biyu, mutanen cikin littafin irin namu ne: akwai ɓarawo mai wayo, akwai malalaci, akwai marowaci, akwai mai kwaɗayi, akwai alƙalin da ke karkata. Yaro ya san su, yana ganinsu a unguwa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, littafin na magana da murya biyu a lokaci guda. Ɗan shekara goma yana jin wautar Sahoro da Sahorama yana dariya. Ɗan shekara hamsin yana jin fada da fadanci, da hassadar na kusa, da yadda ake kayar da mai ƙarfi da lafazi, yana gyaɗa kai don ya gani da idonsa a ofis ko a kasuwa. Haka Ruwan Bagaja yake: yaro na bin Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta gari-gari, babba kuwa na kallon yadda marubucin ke zolayar malaman tsibbu da masu saurin yarda. Littafin da ke da bene biyu irin wannan shi ne yaro ke girma a cikinsa ba ya fita.

Wannan ƙa'ida ba ta Hausa kaɗai ba ce. Ƴan bokonmu da suka manyanta, ambaci Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda ya fara fitowa wajen shekara casa'in da suka wuce, ka ga yadda fuskarsu ke sakewa. Har yau ana sake buga shi, kuma iyaye ke saye. Ambaci labarin zomo Leuk da Senghor da Abdoulaye Sadji suka fitar a 1953 don ƴan firamare, za ka ji tsohon ma'aikaci ya kama ba ka labarin zomo da kura. A Faransa kanta, tatsuniyoyin La Fontaine da ake sa yaranmu haddacewa, kundinsu na farko na 1668 ɗan sarki ƙaramin yaro aka sadaukar wa, amma manya ne suka riƙe su ƙarni uku da rabi. Le Petit Prince na 1943 ma haka. Duk al'ummar da ke karatu tana da ƴan littattafan da kaka da jika suka yi tarayya a kansu. Mu ma muna da namu, sai dai mun tsayar da shi bakin ƙofar lakwal kamar mai tallan ƙosai.

Na sha kawo wannan magana a zaman malamai da na iyaye, kuma na san amsoshin da ake bayarwa. Bari in bi su ɗaya-ɗaya.

Wasu na cewa littafin Najeriya ne, ba namu ba. Wannan magana a bakin mutumin Ƙonni abin dariya ce. Iyakar nan Faransa da Ingila suka shata ta cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi kakanninmu ba. Daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya tafiyar ƴan mintoci ce a kan babur, Sakkwato kuwa ba ta kai kilomita ɗari ba. Muna kallon finafinansu, muna sauraron malamansu, muna rawa da waƙoƙinsu, muna auren ƴaƴansu suna auren namu, ba wanda ya ce a nuna takarda. Sai littafi ne za a tsayar a nemi fasfo? In ana nufin karin harshe ne, gaskiya ne mu muna cewa tahiya da biyat da shina, littafin kuwa na cewa tafiya da biyar da yana. To yaranmu da ke kallon fim ɗin Kano, wa ke yi musu tafinta? A rubutu ma bambancin da ya fi fitowa fili shi ne mu muna sa ƙugiya a kan harafin ƴ, su suna sa ɗan waƙafi a gabansa. Malamin da ba zai iya bayyana wannan cikin minti biyu ba, matsalarsa ta wuce ta littafi.

Wasu kuma, musamman matasa masu zafin kishin ƙasa, na cewa Turawan mulkin mallaka suka sa aka rubuta shi, kuma labaran aro ne. Duka biyun gaskiya ne, ba a ɓoye ba. Bature ne ya tara wa Imam littattafai, kuma masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi diddigin labaran zuwa Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin ƴan'uwan nan biyu Grimm na Jamus, da littattafan Indiya da Farisa. Labarin Kalala da Kalalatu, alal misali, tushensa na cikin kundin Grimm. To sai me? La Fontaine da kansa ya ce ya ɗebo daga Isof na Girka da kuma wani mai hikima na Indiya. Kalila wa Dimna da Larabawa ke alfahari da shi, daga Indiya ya taso, ya biyo ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na takwas. Labari matafiyi ne, tambayar da ake yi masa ita ce ko ya zauna ya zama ɗan gari. Karanta Kalala da Kalalatu ga tsohuwa a Dogarawa ko Bazaga, ka gaya mata daga Jamus ya zo, ta ce ƙarya kake, ta san matar. Wanda kuma ke ƙyamar duk abin da Bature ya taɓa, ya fara da rufe lakwal ɗin kanta, da bencinta da allonta da baƙaƙen bokon da yake rubuta ƙorafinsa da su.

Akwai iyaye masu tsoron Allah da ke cewa tatsuniya ƙarya ce, ɓata lokaci ce, gara yaro ya karanta abin da zai amfane shi duniya da lahira. Ina girmama wannan damuwa, don daga kyakkyawar niyya ta fito. Amma, iyayena, ku duba zaurukan malamanmu. Maƙamatul Hariri da manyan almajirai ke karantawa don ƙwarewa a Larabci, labaran wani mayaudari ne mai zaƙin baki, ƙagaggu daga farko har ƙarshe, kuma malamai ba su jefar da shi ba, don sun san harshe ba ya zama a ƙirji sai da abin da ke da daɗi. Shi Imam ɗan gidan malamai ne, ya yi karatun allo da na littattafai kafin boko, kuma duk wanda ya karanta littafinsa ya san inda yake kai azzalumi da maci amana. Yaron da karatu ya zauna masa ta hanyar Aku, shi ne gobe zai buɗe littafin fiƙihu da aka fassara da Hausa ya gane da kansa. Kuma kada mu ruɗi kanmu: in mun hana shi labarin littafi, ba zama zai yi babu labari ba. Wayar yayansa tana ba shi labari kowane dare, irin wanda ba uba ba malami da ya tace.

Sai babbar hujjar abokan aikina: karatun Hausa zai ɓata wa yaro Faransanci, ga jarrabawa da Faransanci ake yi. Mun gwada ɗaya hanyar shekara da shekaru. Mun rataya wa yara sambol a wuya don sun yi Hausa a farfajiyar lakwal, mun sa su haddace jimlolin da ba su san ma'anarsu ba, ga sakamakon PASEC nan ya ba mu amsa. Ƙasar nan kuma ba baƙuwar ɗaya hanyar ba ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da harshen uwa, kuma binciken da aka yi wa irin waɗannan makarantu ya nuna yaransu ba su gaza na sauran makarantu ba, a wurare da dama ma sun fi su. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. Dalilin mai sauƙi ne. Sau ɗaya ake koyon karatu a rayuwa, wato gane cewa waɗannan ƴan zane-zane magana ce ta mutum. Yaron da ya gane haka cikin harshen da yake mafarki da shi, in ya zo Faransanci kalmomi kawai zai koya. Wanda aka haɗa wa baƙon harshe da baƙon aiki rana ɗaya, kaya biyu aka ɗora masa. Ga shaida a cikin gidajenmu: mata nawa ne a Ƙonni da Malbaza suka bar lakwal tun a firamare, ba wanda ya taɓa koya musu karatun Hausa, amma yau suna cinye littattafan marubutan Kano, na takarda da na waya, shafi ɗari-ɗari? Labari ne ya ja su, karatun ya biyo baya.

Hujja guda ce nake karɓa da hannu biyu. Littafin tsoho ne, kuma zamaninsa na jikinsa. Akwai bayi a ciki kamar ba komai ba, akwai wuraren da aka nuna mata kamar makirci ne sana'arsu, akwai ba'ar da ake yi wa wasu ƙabilu da naƙasassu wadda ba zan so ɗalibina ya ɗauka ya fita da ita ba, akwai sarakunan da ke yanke hukunci yadda suka ga dama. Hausarsa kuma ta yi wa ɗan CI da CP nauyi. Amma maganin wannan shi ne malami, aikin da aka horar da mu dominsa ke nan. Cikin labarai sama da tamanin ka zaɓi talatin da suka dace da ajinka. Ƙanana ka karanta musu da bakinka, manya na CE2 zuwa CM2 su karanta da kansu. Inda ka ci karo da abin da zamani ya wuce, ka tsaya ka tambayi yara ko sun yarda da abin da aka yi wa bawan nan ko matar nan. Na yi haka da ƴan CM, kuma gardamar da ta tashi ta fi duk darasin tarbiyya da na taɓa rubutawa a allo.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. An yi murna, an yi gardama. Ni tsorona ɗaya ne. Ina tsoron a ɗauko littattafan nan marasa gishiri a juya su zuwa Hausa kalma da kalma, a zuba mana yaro mai wanke hannu da yarinya mai gidan sauro cikin wata Hausa ta ofis da ba mai yin ta a kasuwa, a ce ga littafin harshen ƙasa. Yara za su ƙi shi kamar yadda suka ƙi na Faransanci, bayan shekara biyar a yi gwaji a ga ba abin da ya canza, sai masu jiran wannan rana su ce ai mun faɗa muku Hausa ba ta iya ɗaukar ilimi. A lokacin laifin ba na Hausa ba ne, namu ne, mu da muka bar dokin da ya riga ya ci sukuwa a turke muka hau jaki. Wannan magana kuma ta shafi ƴaƴan Abzinawa da na Fulani da ke zaune a azuzuwanmu: su ma suna da haƙƙin littafin da iyayensu za su ji daɗinsa cikin harshensu, ba takardar gargaɗi ba.

To me za a yi? Ba sai mun jira Yamai ba.

Malam, mushe, madam, ka nemi juzu'i na farko ko da na hannu ne. Ka ware rabin awa a mako, ko ranar da yara suka fi gajiya. Ka karanta da murya, ka canza murya in Aku ke magana, ka yi dariya inda abin ya ba ka dariya, don dariyarka ita ce darasin. Ka tsaya daidai inda labari ya ɗauki zafi, ka rufe littafin ka ajiye a kan tebur inda hannu zai kai. Kada ka yi tambayoyin fahimta, kada ka ba da maki, kada ka ce su fitar da darasin da ke ciki. A wani ƙauye da na yi aiki, mako na uku da fara haka na tarar da yara huɗu sun haɗa kai a kan littafin lokacin hutu suna harhaɗa baƙi don su riga sauran sanin ƙarshe, biyu daga cikinsu kuwa ƴan bencin baya ne da aka riga aka yanke wa ƙauna. In mai duba makarantu ya ce ba ya cikin tsarin karatu, kamar yadda wani ya taɓa ce mini, ka ce masa darasin karatu ne, ka roƙe shi ya zauna ya saurara.

Shugabannin makarantu da ƴan kwamitin iyaye, ku sayi akwatin ƙarfe saboda gara da ruwa, ku zuba littattafai goma ko ashirin irin waɗanda ku da kanku za ku so karantawa, ku bar yara su tafi da su gida. Za su yage, za su sha miya, wani zai ɓata. Ba komai. Na taɓa aiki da wani darakta da ya kulle kwalin littattafan kyauta a ofis don kada yara su ɓata su, ranar da aka buɗe gara ta riga ta gama karatunta. Littafin da ya yage a hannun yaro ya mutu a bakin aiki.

Iyaye, kuɗin littafin nan bai kai abin da magidanci ke ƙonawa a katin waya cikin wata guda ba. Mai zuwa Sakkwato ko Maraɗi ba ya yankewa a garuruwanmu, ka ba da saƙo. In kana karatu, ka karanta wa gidanka bayan isha'i, ko labari ɗaya a mako. In ba ka karatu, ka sa yaron ya karanta maka, ka gyara masa karin maganar da ya kasa, don a nan kai ne malaminsa. Ranar da yaro ya ga baƙaƙen da yake haɗawa da ƙyar sun sa ubansa dariya, ranar ya san amfanin lakwal.

Magabata kuwa, ku zauna da kamfanin NNPC na Zariya da ke buga littattafan nan, a yi yarjejeniya ta halal, a buga zaɓaɓɓun labarai da rubutun Nijar a kai kowane aji. Kuma duk kwamitin da zai amince da sabon littafin yara, kafin a sa hannu a kai shi majalisar masu shayi ko gidan suna a karanta da murya. In mutane suka ci gaba da hirarsu, a mayar wa marubucin ya sake.

Magana ta ƙarshe ga masu alƙalami a cikinmu, don ba ina cewa mu tsaya kan Imam har abada ba. Shi ya nuna tsayin da ake iya kaiwa, saura namu. Adar cike take da labarin da ba a rubuta wa yara ba: zuwan Agabba da kafuwar sarautar da ke Illela, abin da Voulet da Chanoine suka yi wa Birnin Ƙonni a 1899 da yadda garin ya sake tashi, ƴan kokowa da kirarinsu, masu ci-rani da ke barin gida bayan girbi. Wa zai rubuta mana labarin yaron da ya ɓuya cikin buhunan albasar Galmi a kan babbar mota har Abijan yana neman ubansa? Akwai masu buga littattafan harsunan gida a ƙasar nan, irin su Gashingo a Yamai, abin da ya yi ƙaranci shi ne rubutun da zai hana babba barci. Ku rubuta, ku sa mugu ya zama mugu na gaske, mai wayo ya yi wayonsa, ku bar wa'azin ya ɓuya cikin labari yadda gishiri ke ɓuya cikin miya. Ku fara karanta wa matanku da abokanku kafin ku kai wa yara.

Allah ya jiƙan Abubakar Imam da sauran magabatan da suka bar mana abin karantawa, ya ba mu ikon barin wa na baya irinsa.